A Daina Kashe Tsamin Ƙafa da Ƙwaya

Tsakanin Magariba da Isha'i, a bakin kusan kowane kemis na unguwa, magana ɗaya ake ta nanatawa: "Dakta, a haɗa mini na gajiya." Mai faɗar ɗan ga-ruwa ne da ya wuni yana tura kura, ko lebura da ya sha hawa da sauka a bene da kwanon kankare a ka, ko matashin da ya taso daga filin ƙwallo yana ɗingishi. Mai kemis ba ya tambayar komai sai "na nawa?" Ya jawo kati huɗu ko biyar, ya ɓalle ɗaya nan, biyu can, fara da ja da ruwan ɗorawa da wata 'yar mitsitsiya, ya ƙunshe a takarda ya miƙa. A nan tsaye ake watsa su baki gaba ɗaya a kora da ruwan leda. Ba a tambayi mutum ko ya ci abinci ba, ko yana da gyambon ciki, ko hawan jini, ko jiya ma ya sha irinsu. Shi kuma bai san sunan ko ɗaya daga cikin abin da ya haɗiya ba.

A da abin na masu aikin ƙarfi ne, yanzu kuwa ya shiga ko'ina. Yaran da ke koyon ƙwallo suna sha, samarin da ke sassarfa da asuba don shirin shiga soja ko ɗan sanda suna sha, masu ɗaga ƙarfe suna sha. Har uwargidan da likita ya ce ta riƙa tattaki saboda ciwon suga, kwana biyu da farawa ta ji cinyoyinta sun yi tsami, sai ta aiki yaro kemis. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne waɗanda suka daina jiran ciwon ya zo. Kafin su ɗaura takalmi sun sha, wai don kada su ji komai. Wannan ɓarna ce babba, tana cin ƙoda da ciki da hankalin mutanen da tun farko ba su da wata cuta.

Tsamin da ke biyo bayan doguwar tafiya ko atisaye sananne ne, kuma yana da tsarinsa. Ba ya zuwa nan take. Mutum zai kwanta lafiya lau, washegari ya tashi ya ji sha-raɓa da cinya sun ɗaure. A kwana na biyu abin ya fi tsanani, har tsugunno da tashi daga sujada da saukowa matakala su zama aiki. Daga kwana na uku ko na huɗu ya fara sassautawa, kafin mako ya zagayo ya tafi da kansa ko ba a sha komai ba. Tun 1902 wani masani Ba'amurke mai suna Theodore Hough ya danganta shi da 'yan ƙananan raunuka da ke samun zaruruwan tsoka idan aka sa ta aikin da ba ta saba ba. Jiki yana tura jini wurin don gyara, wurin ya ɗan kumbura, jijiyoyin jin zafi su farka. Maganar da wasu masu horarwa ke yi cewa wani asid ne ya taru a tsoka ba ta da tushe, domin sinadarin da suke nufi yana washewa cikin kamar awa ɗaya bayan an tsaya, tun kafin tsamin ya fara.

Wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala ko Goron Dutse ya san hawan shi ke sa haki, amma gangarowa ita ke barin tsami a cinya, saboda a lokacin tsoka tana riƙe da nauyin jiki kuma tana miƙewa. Wani abin rahama shi ne idan tsokar ta warke, ta fi yadda take a da juriya. A maimaita aikin nan bayan mako ɗaya ko biyu, tsamin ba zai kai na farko ba. Ke nan ciwon da ake rugawa a kashe, ciwo ne na kwanaki kaɗan mai tafiya da kansa, kuma yana raguwa da sabo.

To me ake biyan sa da shi?

Galibin haɗin nan ba ya rasa dikilofenak ko ibufurofin, sau da yawa ma duka biyun tare. 'Yan gida ɗaya ne, aikinsu ɗaya, haɗa su ba ya ƙara waraka, illar ce take ninkuwa. Yadda suke kashe zafi shi ne su hana jiki sarrafa wasu sinadarai masu kawo kumburi da raɗaɗi. Matsalar ita ce sinadaran nan ba nan aikinsu ya tsaya ba. Su ne ƙoda ke dogara da su wajen buɗe hanyoyin jininta a duk lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. A duba ɗan ga-ruwa a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, ya tura kura mai jarka 12, kowace lita 25, wato kilo 300 na ruwa ban da nauyin kurar, sawu bayan sawu. Gumi ya bushe a rigarsa ya bar farin gishiri, fitsarinsa ɗan kaɗan ne ja-ja-ja. A wannan halin ƙodarsa ta riga ta matsu. Sai ya zo da dare ya ɗora mata abin da zai ƙara tsuke mata jini, gobe ya sake, jibi ya sake. Ƙoda kuwa ba ta kuka da wuri. Kafin fuska da ƙafafu su kumbura, kafin amai da kasala su bayyana, aikinta da yawa ya riga ya tafi. Daga nan sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu a jikin inji. Iyalai nawa muka sani da suka sayar da gona da fili a kan wannan, daga ƙarshe kuɗin ya ƙare, majinyacin ma bai tashi ba?

Sinadaran nan dai su ne ke kare bangon ciki daga tsamin da ke narkar da abinci. Wanda ya saba shan magungunan nan, musamman da yunwa, yana neman gyambon ciki da hannunsa, kuma wani ba ya sanin ya samu sai ya ga bahayansa ya yi baƙi ƙirin ko ya yi aman jini. A watan azumi abin ya fi muni. Saurayi zai buga ƙwallo bayan La'asar da ƙishirwar wuni guda, yana shan ruwa ya kora haɗi a kan cikin da babu komai sai dabino uku.

'Yar mitsitsiyar ƙwayar da ke cikin ƙunshin kuwa sau da yawa dekzametazon ce ko 'yar'uwarta. Ita ce ke sa mutum ya tashi da safe ya ji garau, ya yaba wa mai kemis da iya haɗi. Magani ne mai ƙarfi da likitoci ke auna shi da taka-tsantsan, kuma ita ce wadda wasu mata ke sha don neman ƙiba. Wanda ya daɗe a kanta fuskarsa takan kumbura, suga da hawan jini su tashi, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙashi ya yi laushi, wani ma kan ƙashin ƙugunsa ya mutu ya koma tafiya da sanda yana ɗan shekara talatin. Garin neman ƙiba an samo rama.

Sai uwa-uba, tiramadol, wanda aka fi sani da Tramol. Wani kamfani a Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, don ciwo mai tsanani irin na bayan tiyata ko karaya. Dangin su kodin ne. Wanda hukuma ta amince da shi a Nijeriya mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a wuni ga babban mutum. Wanda ke yawo a tashoshin mota da wuraren gini da bakin filayen ƙwallo mai 200 ne da 225 da 250. Guda biyu na 225 sun riga sun tsallake iyaka. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin waɗannan magungunan kashe ciwo suke sha ba bisa ƙa'ida ba. A 2022 hukumar NDLEA ta kama ƙwayar tiramadol sama da miliyan 13 a gida ɗaya tak a Legas.

Mutane da yawa cikin waɗannan miliyoyin ba da niyyar maye suka fara ba. Da ciwon ƙafa suka fara, da ciwon baya, da "ka gwada wannan, ba za ka ji gajiya ba." Makon farko rabi ya isa, bayan wata biyu sai guda, daga nan sai biyu. Ranar da mutum bai samu ba sai hamma da gumi da mura da rashin barci su taso, ƙafafu su riƙa ciwo suna neman a motsa su dare farai. Sai ya ce ai tsohon ciwon nan ne ya dawo, alhali rashin ƙwayar ne yake yi masa haka. A wannan gaɓar ƙwayar ita ke kawo ciwon, kuma ita yake saya don ta kashe shi. Ga farfaɗiya, wadda tiramadol ke jawowa har ga wanda babu ita a danginsu. Ɗan acaɓa ta buge shi a kan babur, magini ta buge shi a kan tsani, ba sai na faɗi ƙarshen labarin ba.

Yaran ƙwallo sukan kafa hujja da cewa manyan 'yan wasan Turai ma suna sha. Gaskiya ne suna sha, amma a ji yadda suke ƙarewa. Likitocin FIFA da kansu sun koka bayan gasar cin kofin duniya ta 2010, da suka gano kashi 39 cikin 100 na 'yan wasan suna shan maganin ciwo kafin kowane wasa. Daniel Agger, tsohon mai tsaron baya na Liverpool, ya yanke jiki ya faɗi a 2015 bayan an fitar da shi daga wani wasa a Denmak, ya ajiye ƙwallo a 2016 yana ɗan shekara 31, kuma da bakinsa ya ce magungunan kashe kumburi da ya sha a rayuwarsa sun wuce kima. Nairo Quintana, ɗan tseren keke na Kolombiya, an ƙwace masa matsayi na shida a babbar gasar Faransa ta 2022 saboda an samu tiramadol a jininsa. Daga 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa. Waɗannan mutane ne da ke da likitoci a kansu, ana auna musu jini a kai a kai. Yaron da ke buga ƙwallo a filin makarantar firamare wa ke auna masa? Kuma idan burinsa ya fita waje, ya sani gwajin fitsari ɗaya ya isa ya dawo da shi gida.

Allura ma ta zama abin yayi, wai ta fi ƙwaya saurin aiki. A bayan labulen kemis, yaron shago da bai san inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ta ɗuwawu ba zai soka allura. Idan ta taɓa jijiyar, ƙafa tana iya shanyewa, mutum ya riƙa jan ta har abada. Idan wurin ya ruɓe kuma, sai an tsaga.

Akwai wata illa da ba a cika kawowa ba, ita ce ɓoye ciwon da bai kamata a ɓoye ba. Mai shan ƙwaya kafin atisaye kamar maigida ne da ya ji karensa na haushi da tsakar dare, ya fito ya ɗaure masa baki ya koma barci. Tsami na gaskiya yana kama ƙafafu biyu, yana bin tsoka, yana sauƙi idan an ɗan motsa, yana raguwa kullum daga kwana na uku ko na huɗu. Duk abin da ya saɓa wa wannan a yi masa kallon wani abu dabam. Idan bayan atisaye mai tsanani, irin tsallen kwaɗo ɗaruruwa da ake sa sababbin shiga, cinyoyi suka kumbura suka yi tauri, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, tsoka ce ta farfashe tana zuba cikin jini, kuma tana iya tsayar da ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya ɗora dikilofenak a kan wannan ya taimaka wa cutar. Idan sha-raɓa ɗaya ce ta kumbura, ta yi zafi, musamman bayan doguwar tafiyar mota ko jirgi, ko bayan haihuwa, ko jinya a kwance, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Kada a yi mata tausa, domin gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Idan ciwon wuri ɗaya ne a kan ƙashin ƙwauri, wanda za a iya nuna shi da yatsa, yana ƙaruwa duk lokacin da aka yi gudu, ƙashi ne ya fara tsagewa. Dattijo mai suga ko mai shan taba da sha-raɓarsa ke ɗaurewa duk ya yi 'yar tafiya, ta saki idan ya tsaya, hanyoyin jinin ƙafarsa ne suka tsuke. Mai sikila kuwa bai kamata ya yi wa ciwon ƙashi fassara da kansa ba. Duk waɗannan na asibiti ne, kuma a ranar.

Abin takaici, hana tsamin ƙafa ya yi tsanani ba ya cin kuɗi. Babban sirrinsa a fara kaɗan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Wanda ya shekara a zaune a shago ko ofis ya fara da tafiyar minti 10 zuwa 15, ya riƙe ta mako guda kafin ya ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar, amma ba ta ce a kai can a makon farko ba. A fara kowace fita da tafiya a hankali na minti biyar kafin a ɗaga ƙafa, a bar gudu da gangara sai ƙafa ta saba, a bar kwana ɗaya tsakanin atisaye mai nauyi da wani. A fita da sanyin safiya ko bayan La'asar. A sha ruwa har fitsari ya yi haske. A sa takalmi mai taushin ƙasa da ya zauna a ƙafa, a daina tafiyar kilomita biyar da silifas ɗin wanka. Miƙe jijiyoyi yana da amfaninsa wajen sakin gaɓoɓi, amma bincike ya nuna ba ya hana tsami wani abin kirki, don haka kada a dogara da shi.

Ina kira na musamman ga maniyyata. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi, ga zuwa jifa da dawowa kwana bayan kwana cikin zafin Makka. Alhaji ko Hajiya da za su cika jaka da ƙwayoyin ciwon jiki, da sun fara tattaki wata biyu kafin tashi da ya fi musu. Dattijo mai hawan jini ko suga, cikin zafi da ƙarancin ruwa, shi ne wanda magungunan nan suka fi saurin taɓa wa ƙoda.

Idan tsamin ya riga ya zo, kwanciya ba motsi ba ta taimaka. 'Yar tafiya a hankali tana sassauta shi. A gasa ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi yadda iyayenmu ke yi, a yi tausa mai sauƙi ba murza ba, a ɗora ƙafa a kan matashi, a yi barci isasshe, domin a cikin barci jiki ke yawan gyaransa. A ci abin da ke gina tsoka, kuma ba sai nama ba: wake, ƙosai, alale, awara, gyaɗa, ƙwai, fura da nono. Idan ciwon ya hana barci, farasitamol shi kaɗai ya isa, guda biyu na miligiram 500, kada a wuce guda takwas a wuni, kada kuma a zarce kwana biyu ko uku, don shi ma idan ya yi yawa hanta yake ci. Maganin shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa. Wanda likita ya rubuta wa ɗaya daga cikin magungunan da na ambata saboda wata lalura, ya bi yadda aka ce masa, ba da shi nake ba.

Na san lebura zai ce duk wannan maganar masu hutu ce, shi idan bai fita gobe ba gidansa ba a ɗora tukunya. Gaskiyarsa, kuma shi ya sa laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Ɗan kwangilar da ke son a gama zuba kankare a wuni ɗaya, ya ga ma'aikata suna watsa ƙwaya ya kau da kai, ba ya ko ajiye musu randar ruwa da inuwa, yana da kaso a cikin abin da zai same su. Mai horarwar da ke ce wa yaro mai ɗingishi "sha wani abu ka shigo" ya ci amanar iyayen da suka ba shi ɗansu. Mai kemis kuma ya ji tsoron Allah. Lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta ba shi bai ba shi ikon sayar da tiramadol ko dekzametazon ko yin allura ba, kuma ya fi kowa sanin fuskar da ke zuwa masa kullum. Hukumomin NAFDAC da NDLEA su sauko daga tashar jiragen ruwa su shiga lungu, domin a can ake ɓalle ƙwayar ɗai-ɗai. Limamai su faɗa a huɗuba, iyaye su duba aljihun 'ya'yansu masu zuwa fili.

Kai kuma ɗan'uwa da ka riga ka saba, har ba ka iya fita aiki sai ka sha, kada kunya ta hana ka neman taimako, kuma kada ka yanke rana ɗaya da kanka, don tiramadol da dekzametazon duka a hankali ake janye su a hannun likita. Je asibiti ka faɗi gaskiyar abin da kake sha da yawansa, ka nemi a auna maka ƙoda da jini. Akwai asibitocin da ke wannan aiki a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ka je tun ƙodarka tana aiki.